Hanyar Keke da Ta Haɗa Garuruwa Biyar: Darasi Kan Ƙungiyoyin Hidima da Yin Shiri Tare

'Yan'uwa, kowannenmu ya san amfanin keke. Da shi ake kai masara kasuwa, da shi yara suke zuwa makarantar da ke nesa, da shi ake garzayawa a sayo magani da dare. Mun kuma san yadda gaban mai keke yake faɗuwa idan ya ji ƙarar babbar mota a bayansa a kan titi.

A wannan darasi za mu leƙa ƙasar Amurka, mu ga yadda waɗansu garuruwa suka gina hanyoyi masu kwalta domin masu keke da masu tafiya a ƙasa kaɗai, inda ba a yarda mota ta shiga ba. Kuɗinsu ba irin namu ba ne, kuma da yawa daga cikinsu suna hawan keke ne domin motsa jiki. Amma tambayar da suka fuskanta mun san ta: wane aiki ne ƙaramar ƙungiya za ta iya yi ita kaɗai, wanne ne ya fi ƙarfinta, kuma ta yaya za a yi aikin da ya ratsa iyakar gari fiye da ɗaya?

Zai yi kyau a karanta darasin da ƙarfi a cikin ƙungiya, a zama biyu, a kuma ba da lokaci ga tambayoyin da ke ciki.

Menene ƙungiyar hidima?

Ƙungiyar hidima taron mutanen gari ne da suka yarda su riƙa haɗuwa a kai a kai, su yi zumunci, su kuma yi wa garinsu aiki ba tare da an biya su ba. Manyan irin waɗannan ƙungiyoyi sun fara ne a Amurka fiye da shekaru 100 da suka wuce.

A ranar 23 ga Fabrairu 1905 wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna da abokansa uku a birnin Shikago. Ɗaya tela ne, ɗaya mai sayar da kwal, ɗaya kuma injiniyan ma'adinai. Harris ya tashi a ƙaramin gari, yana kuma jin kaɗaici a babban birni. Suka riƙa yin taronsu bi da bi a ofishin kowane ɗayansu, daga wannan zagaye ne ƙungiyar ta sami sunanta, Rotary. Ƙungiyar Kiwanis ta biyo baya a birnin Detroit a 1915, sai Lions a Shikago a 1917 ta hannun Melvin Jones.

Aikin farko da Rotary ta yi wa jama'a abin lura ne. A 1907 'yan ƙungiyar suka ga cewa masu zuwa tsakiyar birnin ba su da wurin kewayawa. Ba su ɗauki nauyin ginin su kaɗai ba. Sun kira sauran ƙungiyoyin birni taro, suka yi ta bin hukumomi har aka gina ban ɗakin jama'a. Wato tun daga farko, ƙarfin ƙungiyar yana cikin iya tara mutane a kan magana ɗaya.

Ƙungiyoyin sun daɗe ba su karɓar mata. Lions da Kiwanis sun buɗe wa mata ƙofa a 1987, Rotary kuma ta gyara dokarta a duniya duka a 1989, bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1987. Mu ma ba baƙi ba ne ga aikinsu. A Kano aka kafa reshen Rotary na farko a Nijeriya a 1961, kuma ƙungiyar ta sa hannu sosai a yaƙi da cutar shan inna tun 1985.

Yadda suke tafiyar da rayuwar ƙungiya

Idan muka duba reshe guda a ƙaramin gari, za mu ga abubuwa kamar haka:

• Suna da ranar taro tsayayya, yawanci sau ɗaya a mako ko sau biyu a wata. Sukan ci abinci tare kafin su shiga magana.

• Kowane ɗan ƙungiya yana biyan kuɗin ƙungiya. Ana bambanta kuɗin tafiyar da ƙungiya da kuɗin da aka tara daga jama'a domin aiki.

• Akwai shugaba, da sakatare, da ma'aji. Shugaba yakan yi shekara ɗaya ya sauka. A Rotary, sababbin shugabanni suna kama aiki ranar 1 ga Yuli kowace shekara.

• Sukan gayyaci baƙo ya yi musu bayani na ɗan lokaci: likita, ko malamin gona, ko injiniyan hanya. Ta haka ne labarin sabon shiri yake isa kunnen mutanen da ake jin maganarsu a gari.

• Suna tara kuɗi ta hanyoyi masu sauƙi. Wata sananniyar hanya ita ce su soya fanke da safe, jama'a su zo su saya su ci tare, ribar ta shiga asusun aiki.

Ƙungiyoyin suna da tasu damuwa. A Amurka yawan 'yan ƙungiya ya ragu idan aka gwada da da, waɗanda suka rage kuma yawancinsu sun manyanta. Reshen da bai jawo matasa ba yakan mutu tare da dattawansa, alkawuran da ya ɗauka su mutu tare da shi. Za mu ga dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci idan mun zo maganar kula da hanya.

Layin dogo da aka bari

A 1916 Amurka tana da layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 409,000. Da motoci suka yawaita, kamfanonin jirgin ƙasa suka riƙa rufe layukan da ba su kawo riba. Yau abin da ya rage bai wuce kimanin kilomita 225,000 ba. A wurare da yawa an kwashe ƙarfen dogo, aka bar doguwar gona marar faɗi da ciyawa ta rufe, mutane suna zuba shara a ciki.

A watan Satumba 1963 wata tsohuwar malama mai nazarin tsire-tsire, May Theilgaard Watts, ta rubuta wasiƙa ga jaridar Chicago Tribune. Tana da shekara 70 a lokacin. Ta roƙi a mai da wani layin dogo da aka rufe a yammacin Shikago ya zama hanyar tafiya ta jama'a, tun kafin a yanyanka filin a sayar. Waɗanda suka karanta wasiƙar suka neme ta, suka kafa ƙungiya. Suka riƙa zagaya garuruwan da ke kan layin suna bayani. Hukumar gunduma ta mallaki filin, ta ba ƙungiyar haya. Daga nan 'yan sa kai suka shiga sara, da kwashe shara, da zuba tsakuwa. Har yanzu akwai wata gada a garin Wheaton da ake kira Gadar 'Yan Sa Kai. Hanyar, mai suna Illinois Prairie Path, ta kai kimanin kilomita 98.

Mu lura da abu biyu. Na farko, ƙungiyar ba ta da kuɗin sayen filin, hukuma ce ta mallake shi. Na biyu, bayan kimanin shekaru 20 hukumar gunduma ta karɓi babban aikin gyara, domin ya yi wa 'yan sa kai yawa. Ƙungiyar ba ta watse ba, ta ci gaba da sa ido da yin ƙananan ayyuka.

Me ya sa tsohon layin dogo ya dace da keke? Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsayi, saboda haka tun asali an sassare tuddai, an cike kwaruruka, an gina gadoji da kwalbatoci. Mai keke yana samun shimfiɗaɗɗiyar hanya da ko yaro ko tsoho zai iya bi. Kuma rabuwa da mota yana ceton rai: a 2022 masu keke fiye da 1,000 ne suka mutu a haɗarin mota a titunan Amurka.

Filin na wane ne?

Ba kowa ne ya yi murna ba. Manoma da yawa sun ce kakanninsu sun ba kamfanin jirgi izinin wucewa ne kawai, ba su sayar masa da ƙasar ba. In jirgi ya daina bi, filin ya kamata ya koma ga mai gona. Waɗansu kuma suna tsoron baƙi za su riƙa ratsa bayan gidansu, su bar shinge a buɗe, ko su yi sata.

A 1983 majalisar ƙasar ta yi wata doka da ta ba da damar a ajiye layin dogo kamar ajiyar banki. Ba a ɗauke shi a matsayin wanda aka yar ba. Hukumar gari ko wata ƙungiya za ta riƙe shi, ta yi hanyar keke a kai, da sharaɗin cewa in an sake bukatar jirgi wata rana za a mayar. A 1990 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar, amma ta bar ƙofa a buɗe ga masu filaye su nemi diyya. Da yawa sun kai ƙara, an kuma biya su.

A 1986 aka kafa ƙungiyar Rails-to-Trails Conservancy domin taimaka wa garuruwa da wannan aiki. Zuwa 2023 tsofaffin layukan da aka mayar hanyoyin keke da tafiya a ƙasa sun kai kimanin kilomita 40,000.

Darasi a nan shi ne, mai gonar da ke gefen hanya yana da haƙƙi. Inda aka zauna da shi tun farko, aka ji kukansa, aka yi masa shinge da mashigar dabbobi da ta tarakta, rigima takan yi sauƙi. Inda kuwa ya tashi da safe ya ga ana kafa turaku a gefen gonarsa, aikin yakan tsaya shekaru a gaban alƙali.

Tambayoyi don zama na farko

1. Waɗanne ƙungiyoyi muke da su a ƙauyenmu da suke yin aiki ba don a biya su ba? Yaushe suke haɗuwa?

2. Shugabannin ƙungiyarmu suna da wa'adin sauka? Wane amfani ko wace illa ke cikin canja shugaba kowace shekara?

3. A labarin ban ɗakin Shikago da na wasiƙar tsohuwar malama, menene ainihin abin da ƙungiya ta yi, menene kuma hukuma ta yi?

4. Da mu ne manoman da ke gefen layin, me za mu so a tambaye mu kafin a fara aiki?

Garuruwa biyar, gundumomi huɗu

Yanzu bari mu koma jihar Ayowa, a tsakiyar Amurka, ƙasar noman masara da waken soya. A nan akwai misali mai kyau na yin shiri tare.

A 2003 kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific ya shirya barin wani layi mai tsawon kilomita 40 a arewa da birnin Des Moines. Layin ya bi ta garuruwa biyar: Ankeny, Sheldahl, Slater, Madrid da Woodward. Wannan Madrid ɗin ƙaramin gari ne na Ayowa, ba babban birnin Sifen ba. Layin ya kuma ratsa gundumomi huɗu, wato Polk, Story, Boone da Dallas. Gunduma a can tana kama da ƙaramar hukuma a wurinmu.

Garuruwan ba ƙarfinsu ɗaya ba. A ƙidayar 2020 Ankeny tana da mutane kusan 68,000, Sheldahl kuwa ba ta cika 300 ba. Sheldahl ma, duk da ƙanƙantarta, ta faɗa cikin gundumomi uku. Da kowane gari ya yi nasa shi kaɗai, da Ankeny ta shimfiɗa kwalta har bakin iyakarta ta tsaya, hanya ta ƙare a cikin gona.

Ga kuma babbar matsala a tsakanin Madrid da Woodward, inda layin ya haye kwarin kogin Des Moines. Kamfanin ya kwashe saman gadar domin ya yi amfani da shi a wani wuri. Abin da ya rage ginshiƙai 22 ne na kankare, tsaye a cikin kwari, tsayinsu ya kai kimanin mita 40. Babu gari ɗaya a cikin biyar ɗin da zai iya sake ɗora gada a kansu.

Ga matakan da suka bi:

Na farko, an kama filin tun bai warwatse ba. Wata ƙungiya mai zaman kanta da ke kare filaye, Iowa Natural Heritage Foundation, ta sayi layin gaba ɗaya a 2005, ta riƙe shi a madadin jama'a. Hukuma takan yi jinkiri wajen fitar da kuɗi, ƙungiya kuwa tana iya hanzari.

Na biyu, hukumomi tara, wato garuruwa biyar da gundumomi huɗu, suka zauna a kwamiti ɗaya tare da 'yan sa kai. Aka raba layin, kowace hukuma ta san yankin da zai zama nata da kuma nauyin kula da shi.

Na uku, suka nemi kuɗi da murya ɗaya. Tun 1991 dokar sufuri ta Amurka ta ware wani kaso na kuɗin hanyoyi domin ayyuka irin wannan. Amma bisa ga al'ada gwamnatin tarayya takan biya kashi 80 cikin 100 ne, sai mutanen wurin sun kawo kashi 20 nasu. A nan ne gudummawar ƙungiyoyi da 'yan kasuwa da iyalai take da nauyi, domin dala ɗaya ta gida tana iya jawo huɗu daga waje. Dukan aikin ya ci kimanin dala miliyan 15. Yawancinsa daga gwamnati ya fito, sauran daga ɗaruruwan masu bayarwa.

Na huɗu, suka yi aikin kashi kashi. Zuwa 2008 an buɗe yawancin hanyar, saura gadar. Jama'a suka fara hawa, suka ga amfaninta, wannan ya sa tara kuɗin gadar ya yi sauƙi. A ranar 30 ga Afrilu 2011 aka buɗe gadar, mai tsawon kimanin mita 770. Aka sa wa hanyar suna High Trestle Trail. An ƙawata gadar da ƙarafa 41 masu kama da tokaran ramin haƙar kwal, domin tunawa da mutanen yankin da suka yi wannan aiki a da. Da dare sukan haskaka da shuɗiyar wuta.

Daga sanarwar kamfani zuwa buɗe gada shekaru takwas ne. Shirin bai tsaya nan ba. A 2024 aka gama ƙarin kimanin kilomita 14 daga Woodward zuwa garin Perry, wanda ya haɗa ta da wata doguwar hanyar keke ta yankin. Ƙananan garuruwan sun sami baƙi, an buɗe wuraren cin abinci da na hayar keke. Sai dai cinikin na lokacin ɗumi ne, in sanyi ya shigo ƙanƙara ta sauka, yakan ja baya ƙwarai.

Abin da masu shiri suke dubawa

A Amurka, kowane yanki na birni da mutanensa suka wuce 50,000 dole ne ya kasance da hukumar tsara sufuri, inda wakilan garuruwa suke zama tare su jera ayyuka bisa ga muhimmanci. Idan ana maganar hanyar keke, ga abubuwan da akan duba:

• Taswira ɗaya. Ana zana dukan hanyoyin yankin a takarda ɗaya domin a ga inda suka yanke. Sau da yawa ɗan giɓin kilomita biyu da zai haɗa hanyoyi biyu ya fi sabuwar hanya ta kilomita ashirin amfani.

• Inda mutane suke zuwa. Hanyar da ta bi ta makaranta, da kasuwa, da asibiti, za a yi amfani da ita kowace rana.

• Faɗi. Ma'aunin da aka saba shi ne aƙalla mita 3, domin keke biyu su wuce juna, da ɗan fili a kowane gefe.

• Abin da za a shimfiɗa. Tsakuwa ta fi araha, amma ruwa yana cin ta. Kwalta ta fi santsi, tana kuma ba mai keken guragu da mai tura jariri dama, amma tana tsagewa, bayan wasu shekaru sai an sake ta. Kankare ya fi tsada, ya kuma fi daɗewa.

• Ruwa. Babban maƙiyin kowace hanya ruwa ne. Ana ɗan karkata shimfiɗar domin ruwa ya gangara gefe, a haƙa magudana, a sa kwalbati.

• Mararraba. Wurin da hanyar keke ta gicciye titin mota shi ne ya fi haɗari. Ana bukatar alama, da sare itatuwan da ke tare gani.

• Suna da alama iri ɗaya, domin baƙo kada ya ɓata idan ya shiga yankin wani gari.

Wa zai kula da hanya?

Ranar buɗe hanya kowa yana zuwa, ana ɗaukar hoto. Bayan shekara biyar fa? Saiwar itace ta ɗaga kwalta, ruwa ya shiga tsaga, sanyi ya daskarar da shi ya ƙara buɗe ta. Ganye ya toshe kwalbati. Masu ba da tallafi sun fi son ba da kuɗin sabon gini, kuɗin gyara kuwa yakan faɗa kan ƙananan garuruwa.

A nan ƙungiyoyin hidima suka sami wurinsu. A 1985, a jihar Teksas, reshen wata ƙungiyar hidima mai suna Civitan a garin Tyler ya zama na farko da ya ɗauki riƙon kimanin kilomita 3 na wani titin mota, da alkawarin tsince shararsa. Hukuma ta kafa allo da sunan ƙungiyar. Dabarar ta bazu ko'ina, aka kuma kawo ta kan hanyoyin keke. Yau a wurare da yawa ƙungiya takan sa hannu a takarda cewa wannan yanki a hannunta yake na tsawon lokaci kaza. Aikinta ya haɗa da tsince shara, da datse rassa, da share bakin kwalbati, da kai rahoton ɓarna. Waɗansu ƙungiyoyi sukan ƙara da kafa benci, da rumfar hutawa, da famfon ruwan sha, ko su koya wa yara dokokin hawan keke.

Amma akwai iyaka. Ƙungiya ba ta da injin shimfiɗa kwalta, ba ta da injiniyan duba gada. Wannan na hukuma ne. Domin a san inda za a fara kashe kuɗi, hukumar tsara sufuri ta yankin Des Moines ta fito da wani keke na musamman a 2017. An ɗaura masa waya da kyamara. Yayin da ake tuƙa shi, yana auna gargadar hanya yana ɗaukar hoto. Da wannan bayani garuruwa suke sanin wane yanki ne yake bukatar gyara tun bai lalace ba. Rigakafi ya fi magani: cike tsaga tun tana ƙarama ya fi sake shimfiɗa araha nesa ba kusa ba.

Abin da muka koya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kowane labari da muka duba, aikin ya rabu uku. Ƙungiya ce take fara ganin bukata, ta tara mutane, ta kawo kuɗin farko, ta kuma riƙa sa ido bayan an gama. Hukuma ce take riƙe fili da doka da manyan injuna. Kwamitin yanki kuma shi ne yake tabbatar da cewa aikin wannan gari ya haɗu da na wancan. In aka rasa ɗaya daga cikin ukun, ko dai aikin ba zai fara ba, ko ya tsaya a bakin iyaka, ko ya lalace bayan an gama.

Mun san aikin gayya tun kakanninmu, ba sai an koya mana ba. Abin da za mu ƙara a kai shi ne rubuta yarjejeniya, da kiran maƙwabta tun kafin a ɗaga fartanya, da sanin wanda zai yi gyara tun kafin a yi bikin buɗewa.

Tambayoyi don zama na biyu

1. Me zai faru da hanyar Ayowa da kowane gari ya yi shirinsa shi kaɗai?

2. Sheldahl tana da mutane ƙasa da 300, Ankeny kusan 68,000. Ta yaya za a raba nauyi da adalci tsakanin babba da ƙarami a kwamiti ɗaya?

3. Akwai hanya, ko gada, ko mashigar rafi da muke amfani da ita tare da ƙauyen da ke kusa da mu? Wa yake gyara ta yanzu?

4. Mun taɓa ganin aikin da aka buɗe da biki, bayan 'yan shekaru ya lalace? Me ya sa? Wa aka ɗora wa kula da shi?

5. Wane aiki ne ƙungiyarmu za ta iya yi da hannunta, wanne ne kuma dole mu kai wa hukuma?

6. Matasa nawa ne a ƙungiyarmu da za su riƙe alkawarin da muka ɗauka nan da shekara goma?

Abin da za mu gwada kafin taro na gaba

Mu sami babbar takarda, ko mu share ƙasa mu zana da sanda. Mu sa ƙauyenmu da ƙauyukan da ke kewaye da mu. Mu zana hanyoyin da masu keke da masu tafiya a ƙasa suke bi zuwa kasuwa, da makaranta, da wurin shan magani. Mu sa alama a wuraren da hanya take yankewa da damina, da wuraren da ake gamuwa da manyan motoci. Mu tabbata mata da 'yan makaranta sun sa baki, domin su ne suka fi bin waɗannan hanyoyi.

Daga nan mu zaɓi wuri ɗaya kawai. Mu rubuta sunayen masu gonakin da ke gefensa, da mai unguwa ko dagacin da abin ya shafa, da ƙungiyoyin ƙauyen da ke ɗaya gefen. Mu zaɓi mutum biyu da za su kai musu gaisuwa, su ji ra'ayinsu, su kawo mana rahoto a taro na gaba.